Carbi a Hannu, Wuƙa a Aljihu: Tambaya kan Tsaron Kai da Tawakkali

Godiya ta tabbata ga Allah, Majiɓincin bayinsa, Mai tsaron da ba ya gafala. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. Bayan haka:

Akwai tambayar da ta yawaita a bakin matasan ƴan'uwa, musamman ɗalibai da masu neman abinci a birane. Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni yakan ƙetare Gadar Kennedy da dare zai koma Harobanda. Ɗaliba a Maraɗi ko Tawa takan fito daga karatu bayan magariba ta tsaya neman kabu-kabu. Ɗan kasuwa a Damagaram yakan rufe shago ya kama hanyar gida da cinikin ranar a aljihu. Dukansu sun ji labarin ƙwacen salula da masu tare mutane a lungu. Wani ya sayi wuƙa, wani barkonon fesawa, wani ya ɗaura laya, wani kuma ya ce shi Allah ya ishe shi, ba zai riƙe komai ba. To, wanne ne ya dace da muridi? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin rayuka biyu ne a cikinta: ran wanda aka tare, da ran wanda ya tare shi.

Ɗaure raƙumi

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne zaton cewa tanadin kariya raunin imani ne. Babu wanda ya kai Manzon Allah (S.A.W.) dogaro ga Ubangijinsa, amma ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, sulke biyu ya sanya. Lokacin hijira kuma bai kama hanyar Madina kai tsaye ba. Ya nufi kudu, ya ɓuya a kogon Sauru kwana uku tare da Sayyidina Abubakar, ya ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ haya don ya bi da su ta gaɓar teku, Amiru bin Fuhaira kuma yana kora tumaki a kan sawun masu zuwa wurinsu don ya ɓace. Da wani mutum ya tambaye shi ko ya saki raƙuminsa ya dogara ga Allah, sai ya umarce shi ya ɗaure shi sannan ya dogara, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Annabi Yaƙubu ma, a aya ta 67 ta Suratu Yusuf, ya umarci ƴaƴansa su shiga gari ta ƙofofi dabam-dabam, kuma a cikin zancen nan ɗaya ya shaida musu cewa dabararsa ba za ta tunkuɗe abin da Allah ya hukunta ba.

Magabatan sufaye a kan haka suke. Imamu Ƙushairi ya bayyana a Risalarsa cewa mazaunin tawakkali zuciya ce, kuma motsin gaɓoɓi ba ya rushe shi. An ruwaito cewa Ibrahimul Khawwas, wanda ya shahara da ratsa hamada a kan tawakkali, ba ya rabuwa da allura da zare da almakashi da abin ɗiban ruwa. Imamu Gazali kuwa, a babin tawakkali na Ihya'u, ya nuna cewa kulle ƙofa ba ya warware tawakkali, kuma kwanciya a magudanar ruwa ko ƙarƙashin bangon da ya karkata ba ta daga cikinsa. Saboda haka wanda ya bi ta lungu mai duhu tsakar dare, salularsa na haske a hannu, yana cewa ya dogara ga Allah, sakaci ya yi ya laƙaba masa sunan tawakkali.

Haddin da shari'a ta gindaya

Sai dai halaccin kare kai yana da tsari. A hadisin da Nasa'i ya ruwaito, wani ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Amsar ta zo hawa-hawa: ya tunatar da shi Allah, in ya ƙi, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa, in babu su, ya nemi hukuma, in ta yi nisa, sannan ya yi faɗa. Faɗa shi ne na ƙarshe, bayan ƙofofi uku sun rufe.

Malaman Malikiyya sun bi wannan tsari. A Mukhtasar na Shaikh Khalil an halatta tunkuɗe mai kawo hari bayan an gargaɗe shi, in mai fahimtar magana ne. Ba a nufin kashe shi sai an tabbata babu wata hanya, kuma ba a ji masa rauni in ana iya tsere masa ba tare da wahala ba. An kuma ruwaito daga Imamu Malik cewa idan masu tare hanya suka nemi abu kaɗan, kamar abinci ko tufa, a ba su, kada a yi faɗa da su.

Wannan yana da nauyi ga saurayin da ke ganin gudu abin kunya ne. Wanda aka ɗora wa wuƙa aka ce ya miƙa salula, ya miƙa ya tsira da ransa, bai yi ragwanci ba. Shari'a ta ba shi damar kare dukiyarsa, kuma wanda aka kashe a kan haka shahidi ne, amma ba ta tilasta masa ya sayar da ransa a kan abin jika hamsin ba. In da rai da rabo. Inda ba a ba da rangwamen miƙa wuya ba shi ne mutunci. Macen da aka nufa da ɓarna ta yi ihu, ta yi duka, ta yi cizo, ta yi duk abin da za ta iya. In kuma aka fi ƙarfinta, laifin yana kan azzalumi, ita babu zunubi a kanta, kuma wajibi ne danginta su tsaya mata.

A auna kayan

Idan aka ɗora kayan da ake sayarwa a kan wannan ma'auni, za a ga ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda aikinsu kiran jama'a ne: usur, da ƴar na'urar nan ta aljihu mai batir wadda ke kwarara ƙara da zarar an zare mata marfi, da cocila mai ƙarfi. Mai aikata ɓarna duhu da shiru yake so, waɗannan kuwa su suke raba shi da su, kuma ba sa zubar da jinin kowa. Haka salular da ke da caji da kuɗin kira, wadda mai ita ya san lamba 17 ta ƴan sanda, ya kuma saba sanar da wani ɗan'uwa inda ya nufa da lokacin da zai dawo. Waɗannan su ne suka dace da hawa na biyu da na uku na hadisin.

Barkonon fesawa yana tsakiya. Ana yin sa da sinadarin da ke sa barkono yaji. Yana rufe ido, ya sa tari da raɗaɗi, galibi kuma yakan saki mutum cikin sa'a guda. Amfaninsa ɗaya ne, wato ya ba mutum ƴan daƙiƙun da zai gudu. Amma yana da nasa aibin. Nisansa taku kaɗan ne, iskar hunturu na iya mayar da shi fuskar mai shi, a cikin ɗaki ko mota kowa ne ke shaƙarsa, yana iya yi wa mai ciwon asma illa, yana da wa'adin lalacewa, kuma wanda ke ƙasan jaka ba ya amfanar kowa. Sandar lantarki kuwa sai an kai jiki, alhali kusantar mai wuƙa shi ne abin gudu. Dokokin riƙe irin waɗannan kaya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka mai niyyar saye ya fara tambaya a komisariya, ɗalibi kuma ya san ƙa'idar makarantarsa.

Wuƙa ita ce ba ta san hawa-hawa ba. Ba ta gargaɗi, ba ta auna. Sara ɗaya a wuya ko a cinya, in ya sami babbar jijiya, yana kashewa cikin mintoci, kuma sau da yawa akan ƙwace ta a juya ta kan mai ita.

Abin da makami ke yi wa zuciya

Ga mai tarbiyyar ruhi, babban haɗarin wuƙa yana farawa tun ba a zare ta ba. Wanda ke jin nauyinta a ƙugu tafiyarsa takan sauya. Lungun da yake kaucewa jiya, yau ta nan zai bi. Baƙar maganar da yake haɗiyewa jiya, yau sai ya rama. Ya saye ta don ɓarawon da bai sani ba, amma wanda zai fi samun kansa gaba da gaba da shi abokin fada ne, a kan gardamar ƙwallo ko bashi ko budurwa. Zuciya mugun nama ce, kuma hannu ya fi tunani sauri.

Shi ya sa Annabi (S.A.W.) ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsinin. A Suratul Ƙasasi, aya ta 15 da ta 16, Annabi Musa ya shiga tsakanin mutum biyu masu faɗa don ya taimaki wanda ya nemi agajinsa. Naushi ɗaya ya yi, bai nufi kisa ba, amma mutumin ya mutu, nan take kuma ya koma ga Allah yana neman gafara. In naushin Annabi mai niyyar taimako ya kai haka, yaya ƙarfe a hannun saurayi mai fushi? Da na sani ƙeya ce. Gida biyu ne ke shiga makoki: ɗaya a maƙabarta, ɗaya a ƙofar gidan kaso.

Ƙasar nan tana girmama ƴan kokawa, kuma kowa ya san darajar takobin da ake ba sarkinsu. Amma hadisin Bukhari da Muslim ya ba da sarautar ƙarfi ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, sama da mai kayar da maza. Muridin da wuridinsa bai kai shi ga haɗiye zagi ba, bai kai matsayin da za a amince masa da makami ba.

Laya da zikiri

Wasu kuma makaminsu guru ne da maganin ƙarfe. Neman tsari da kalmomin Allah sunna ce tabbatacciya: Ayatul Kursiyyu, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku safe da yamma, da addu'ar fita daga gida. Masu izini kuma suna karanta Hizbul Bahri ko Saifi. Amma duk wannan roƙo ne da bawa ke yi, Ubangiji kuma Yana amsawa yadda Ya so. Wanda ya ɗaura wani abu a damtse ya shiga neman rigima don ya gwada shi, ko ya miƙa wuya a kanta masa wuƙa, ya fita daga roƙo ya shiga jarraba Ubangiji, kuma an sha ganin ƙarshen irin wannan gwaji a asibiti.

Ga ma'aunin da kowa zai iya gwada kansa da shi. Ranar da ya manta barkonon ko layar a gida, da ranar da ya fita bai yi zikirin safiya ba, a wace rana ce zuciyarsa ta fi kaɗawa? Inda ta fi kaɗawa, nan dogaronta yake. Amfanin zikiri na kusa shi ne natsuwa, kuma natsuwa ce ke sa mutum ya hango haɗari tun daga nesa, ya sauya hanya, ya yi magana a hankali da wanda ƙwaya ta juya wa kai, ya gane lokacin miƙawa da lokacin gudu.

Haƙƙin jama'a

Mafi ƙarfin kariya ba a sayen ta a kasuwa. Annabi (S.A.W.) ya yi gargaɗi kan tafiyar dare ta mutum shi kaɗai, ya kuma yi umarni da rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ƴan'uwan da suka tashi daga wazifa su raka juna. Ɗaliban unguwa ɗaya su haɗa lokacin dawowa. Ɗaliba ta riƙe ɗan kabu-kabun da gidansu suka sani. Mai hali ya kunna fitila a ƙofar gidansa, sadaka ce ga duk mai wucewa. Usur kuma ba ya da amfani a unguwar da kowa ke ƙara kulle ƙofa idan ya ji ihu. Wanda ya ji kururuwar maƙwabci ya fito.

Amma fitowar ma tana da iyaka. Da zarar an kama ɓarawo, ko ya yar da makami, ko ya juya da gudu, haƙƙin kare kai ya ƙare. Abin da ya rage aikin hukuma ne. Taron da ke rufe mutum da duka har ya daina motsi ba kariya yake yi ba, kuma kowane hannu da ya taɓa shi zai amsa tambaya, balle ma an sha kashe wanda ba shi ne ɓarawon ba. Wanda aka kama ɗin ma ɗan wani gida ne a garin nan, wataƙila ya taɓa riƙe allo. Matasan da ake kira ƴan palais a Damagaram da takwarorinsu na sauran birane ba daga sama suka faɗo ba. Zawiyar da ta jawo ɗaya daga cikinsu, ta zaunar da shi a da'irar zikiri, ta samar masa sana'a, ta kare mutane da yawa waɗanda ba za su taɓa sanin an kare su ba.

Don haka muridi ya ɗaure raƙuminsa. Ya zaɓi hanya mai haske da abokin tafiya, ya riƙe abin da ke kiran jama'a ko ya ba shi damar tsira, ya nisanci abin da ba ya aiki sai da jini, ya bar zuciyarsa a wurin Wanda ke riƙe da ransa da ran wanda yake tsoro.

Allah Ya tsare matasan Musulmi maza da mata a fitarsu da dawowarsu, Ya shiryi waɗanda suka kauce, Ya kare hannaye daga jinin bayinsa, Ya zaunar da ƙasa lafiya, albarkacin Annabin rahama (S.A.W.). Amin.