Alfarmar Mamaci Ba Ta Tsufa



A gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, yara kan yi dafifi wajen kallon ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, kuma babu laifi a ciki. Amma ɗan Adam hukuncinsa daban ne.

A shekarar 2000 masu bincike suka gano tsohuwar maƙabarta a Gobero, cikin Tenere, mai kaburbura wajen 200, har da na wata mata rungume da yara biyu. Dubban shekaru ba su cire musu alfarma ba, domin hadisin Abu Dawuda ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na rayayye. Ko a Faransa, kotu ta rufe wani baje kolin gawawwaki a Paris a 2009.

Mai kafa hujja da gawar Fir'auna ya tuna cewa Suratu Yunus ta sanya ta izina ce ga masu girman kai. Saboda haka muridin da idonsa ya faɗa kan gawa, a fili ko a waya, ya kame daga ɗaukar hoto da yaɗawa, ya yi istigfari, ya tuna nasa likkafanin.

Allah Ya suturta bayinSa, rayayyu da matattu. Amin.