Lambar Yabo Ma Tana Da Tukwici

 Yau da wata tambaya na zo miki, kuma ni kaina ban gama warware ta ba, shi ya sa nake so mu zauna mu duba ta tare.

Kwanakin baya aka kawo wa Amirar ƙungiyarmu ta matan aure a nan Jajaye wata takarda mai ruwan zinariya a gefe. Wani ɗan siyasa ne ya shirya taron karrama mata a birni, ya sa sunanta cikin waɗanda za a bai wa lambar yabo saboda shekarun da ta yi tana karantar da mata Islamiyyar dare ba tare da ana biyanta ko kwabo ba. Wanda ya kawo takardar ya raɗa mana cewa bayan allon da za a miƙa mata akwai ambulan. Ajinmu kuwa rufinsa yoyo yake yi, bara sai da muka riƙa jan tabarma gefe idan hadari ya taso. Nan take muka rabu biyu. Wasu suka ce arziki ne ya zo har gida, a je a karɓa. Wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza, zaɓe ya kusa. Amira dai shiru ta yi, ta ninke takardar ta sa a jaka.

To ke fa? Idan wanda ba ki yarda da tafiyarsa ba ya ce zai karrama ki a kan aikin da kika yi tsakaninki da Allah, karɓa za ki yi ko ƙi?

Da na koma gida sai tunanina ya tafi wata ƙasa da babu ita yanzu, wato Tarayyar Sobiyet, wadda iyayenmu ke ce wa Rasha kawai, suna kama sashen Hausa na rediyon Mosko da daddare. Ƙasar gurguzu ce mai ƙarfin gaske, ita kaɗai ke iya ja da Amurka, har ta wargaje a watan Disamba 1991. Tana da lambar da ta fi kowace daraja, tauraron zinariya da ake kira Jarumin Tarayyar Sobiyet, an ƙirƙiro ta a 1934. Sama da mutum 12,000 suka samu, amma baƙi 'yan wasu ƙasashe ba su kai 50 ba. Labarin waɗannan baƙin ne ya tsaya mini a rai.

A watan Mayu 1964 shugaban Sobiyet, Nikita Kurushef, ya je Masar bikin kammala zangon farko na madatsar ruwan Aswan, wadda ƙasarsa ta ba da kuɗi da injiniyoyi aka gina. A nan ya bai wa Shugaba Jamal Abdul Nasir wannan lamba, ya kuma bai wa babban hafsansa Abdul Hakim Amir. Ki lura da kyau uwargida: Nasir ba ɗan gurguzu ba ne, shi ne ma ya yi shekaru yana tsare da 'yan gurguzun Masar a kurkuku. Sobiyet ta san da haka sarai. Abin da take so shi ne aboki a bakin mashigin Suez, kuma tauraron zinariya ya fi arha a kan rundunar soja. A wannan shekarar dai gwamnatin Nasir ta rufe ƙungiyar mata Musulmi da Zainab al-Gazali ta kafa tun tana budurwa 'yar kasa da shekara 20. A 1965 aka kama ta, aka azabtar da ita, aka yanke mata ɗaurin shekara 25, ba ta fito ba sai 1971 bayan Nasir ya rasu. Ita da kanta ta rubuta abin da ta gani a littafinta Ayyam min Hayati. Mace mai ƙungiya kamar tamu tana ɗakin duhu, wanda ya sa aka kulle ta kuma duniya na kiransa jarumi. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Ita lambar ma ba ta kare kowa ba. Shi Kurushef abokan mulkinsa suka tuɓe shi a watan Oktoba 1964, wata biyar kacal bayan bikin. Ahmad Ben Bella na Aljeriya, wanda shi ma ya karɓa a 1964, sojoji suka kifar da shi a watan Yuni 1965, ya yi shekaru a tsare. Amir kuwa ya mutu a tsare a 1967 bayan kayen da Masar ta sha a yaƙin kwana shida. Akwai ma wanda ya fi ban tausayi, Sarki Mika'ilu na Romaniya. A 1945, yana ɗan shekara 23, Sitalin ya ba shi Lambar Nasara, wadda aka yi wa ado da lu'ulu'u da yaƙutu, baƙi 5 kawai suka taɓa samunta, saboda ya juya wa Hitila baya a 1944. Ƙarshen 1947 'yan gurguzun da Mosko ta ɗaure wa gindi suka tilasta masa sauka daga gadon sarauta, ya bar ƙasar. Hannun da ya naɗa shi ne ya tuɓe. Mu mutanen Ƙaraye da Rogo ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba, tunda a 2019 aka ɗaga masarautarmu zuwa daraja ta ɗaya, a 2024 aka rushe ta, sannan aka dawo da ita a daraja ta biyu, duk da alƙalamin gwamnati.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai in ce wa Amira ta yaga takardar kawai. Amma akwai wata mata 'yar ƙasarmu da ta hana ni saurin yanke hukunci.

Funmilayo Ransome-Kuti ta Abekuta, mahaifiyar mawaƙin nan Fela, ta karɓi Lambar Lenin ta Zaman Lafiya a 1970. Ita ce ta jagoranci dubban matan kasuwa suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada saboda harajin da aka ɗora wa mata, har sarkin garin, Alake, ya bar kujera na wani lokaci a 1949. Wurinta Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta tafi takanas tun tana matashiya don ta ga yadda ake haɗa kan mata. Shin lambar Mosko ta ɓata aikin Funmilayo? Ni dai ban ga ta inda ta ɓata ba. Shekara 20 da wani abu tsakanin aikin da lambar. Ba don ita ta yi ba, kuma bayan ta karɓa bakinta bai mutu ba. Lambar kuma ba ta tsare ta ba ranar da sojoji suka afka gidan ɗanta a Legas a 1977 suka jefo ta daga bene, ta rasu a 1978. Gambo kuwa ba ta samu tauraro daga Mosko ba. Abin da ta tara shi ne shiga kurkuku, masu tarihinta sun ƙidaya sau 16, ga duka, ga kora daga Kano, duk a kan mace ta yi karatu ta kuma jefa ƙuri'a. Ta rasu a 2001, yau ga asibiti da sunanta a Zariya. Idan aka ce in zaɓi wadda ta fi a cikinsu ba zan iya ba, kuma wannan kaɗai ya nuna mini lambar ba ta ƙara wa ɗaya nauyi ba, rashinta bai rage wa ɗayar ba.

Sai dai akwai wanda lambar ta ƙara wa nauyi, shi ne mai bayarwa. Gwamnatin da ta rufe dubban masallatai a ƙasashen Bukhara da Samarƙandi, ƙasar Imamu Bukhari, ta hana Musulminta zuwa Hajji sai 'yan tsiraru a shekara, ita ce ke tsayawa kusa da mace mai gaskiya a ɗauki hoto. Sunan Funmilayo wanka ne a gare ta. Kada kuma mu yi rashin adalci, Sobiyet ta taimaki masu yaƙi da mulkin mallaka a Afirka, ta horar da likitoci da injiniyoyinmu da yawa, ita ta fara gina kamfanin ƙarafa na Ajakuta. Mai kyauta ba kasafai yake zama baƙi ƙirin ko fari fat ba, shi ma ɗan siyasar da ya aiko mana takarda an ce ya haƙa rijiyoyi a wasu ƙauyuka. Wannan ne ya sa tambayar take da wuya.

Addininmu bai ce kowace kyauta daga hannun da ba namu ba haramun ce ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi kyautar Muƙauƙis mai mulkin Masar, alhali bai musulunta ba. Amma a Suratun Namli mun karanta yadda Annabi Sulaimanu ya mayar wa sarauniyar Saba kyautarta, domin ta aiko ne ta gwada ko dukiya za ta sa ya janye kiran da ya yi mata. Ga kuma ma'aikacin zakkar nan da ya dawo yana ware wasu kaya a matsayin kyautar da aka yi masa, Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna babu mai kawo masa. Abin dubawa ke nan, me kyautar take nema? Mu Hausawa mun riga mun sani, yaba kyauta tukwici. Ko kwanon tuwo maƙwabciya ta aiko, ba kya mayar da shi haka nan. To wanda ya tara 'yan jarida ya kira sunanki a lasifika, wane tukwici yake jira? Ba naira hamsin ba ce. Sau da yawa shirunki yake so, ko ƙuri'un matan da ke bayanki. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Akwai kuma abin da ya fi wannan tsoratar da ni, wanda ke cikin zuciyar mai karɓa. Kin san hadisin nan na Muslim a kan mutum uku da za a fara yi wa hisabi, mayaƙi da malami da mai kyauta, kowanne ya yi aikinsa ne don a faɗa, kuma an faɗa, ladansa ke nan. Na farkonsu so ya yi a ce masa jarumi. Kalmar da ke kan tauraron Mosko ke nan. Amirarmu ta yi shekaru tana koyar da tsarki da sallah a hasken fitilar ƙwai babu wanda ya san da ita. Ban ce allo ɗaya zai ƙone mata lada ba, Allah Ya kiyaye, yabon da ya zo wa mumini ba tare da ya nema ba bushara ce. Tsorona shi ne shekara mai zuwa, idan aka yi taron ba a kira ta ba, ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji. Ni na san kaina, da ni ce zan ji.

Duk da haka idan na tuna Abdul Ahad Mohmand sai in sassauta. Matuƙin jirgi ne ɗan Afganistan da Sobiyet ta kai sararin samaniya a 1988, a daidai lokacin da sojojinta ke janyewa daga ƙasarsa bayan yaƙin da suka fara a 1979. Farfaganda ake so a yi da shi, wannan ba ɓoyayye ba ne. Shi kuwa ya ɗauki Alƙur'ani ya tafi da shi, ya karanta a can. Ya dawo aka ba shi tauraron, bayan 'yan shekaru gwamnatin da ta tura shi ta faɗi, ya koma gudun hijira a Jamus. Su sun samu hotonsu, shi ma bai bar abin da yake nasa a ƙasa ba. Ashe mutum yana iya shiga taron wani ya fito da kansa, in ya san abin da ya riƙe kafin ya shiga.

Abin da zan faɗa a zamanmu na ranar Alhamis ke nan. Ba zan ce kada Amira ta je ba, don masu cewa haka ba su ne ruwa ke zuba wa a ka ba, kuma girman kai ma yana iya sa rigar tsentseni. Zan ce a rubuta wa mutumin amsa tun yanzu, a gaya masa mun gode, kuma idan taimako yake nufi, ajin yana buƙatar bandir uku na kwano da katako, a kawo wa makaranta kai tsaye, ba ambulan a hannun Amira ba. A gaya masa kuma ƙungiyarmu ba ta tallar kowa, kuma takin da aka yi wa mazajenmu alkawari bara ba a kawo ba, za mu ci gaba da tambaya ko an ba mu allo ko ba a ba mu ba. In ya ji haka bai soke sunanta ba, ta yi lulluɓinta ta je, maigidanta ya riga ya ce ba zai hana ba. In ya soke, mun san kuɗin abin da ya so saya.

Wata daga cikinmu ta riga ta ce mini wannan wasiƙar ita ce hanya mafi sauƙi ta rasa kwanon gaba ɗaya, ta kuma tambaye ni ko ni zan biya idan haka ta faru. Ban iya ba ta amsa ba. Na lissafa adashinmu, ko an haɗa kwasa biyu bai kai bandir ɗaya ba, ga shi sauran wata biyu damina ta faɗi.