Fiffiken da Ba Ya Sauka

Wani abokina tun na firamare yana da jar Audi TT 'yar Kwatano. Ranar da na fara shiga, daga Tudun Wada za mu Gada Biyu a nan Gusau, gudunmu bai wuce na Keke Napep ba, amma ɗan fiffiken da ke bayan motar yana miƙe ƙyam. Na tambaye shi ko lalacewa ya yi. Ya yi dariya, ya nuna mini wani maɓalli kusa da giya. Da gangan yake barinsa a sama.

Ba don ado aka yi fiffiken ba. TT ta farko ta fito a 1998 da baya sumul kamar kifaffiyar ƙwarya, kowa ya yaba. Sai aka fara samun haɗurra a manyan titunan Jamus. In mota ta kai wajen kilomita 180 a awa, iskar da ke bin lanƙwasar rufin takan ɗaga bayanta, tayoyin baya su rage kama ƙasa, ta juya da mai ita. An rasa rayuka. Kamfanin ya kira motocin a ƙarshen 1999, ya manna musu fiffike. A ƙirar 2006 sai aka ɓoye shi a murfin but, kwamfutar motar ta ɗaga shi in an kai kilomita 120, ta mai da shi in an sauko ƙasa da 80. Wato bayan aikin danne mota, fiffiken shaida ne. Duk wanda ya gan shi a sama ya san abin da allurar gudu ke nunawa, ko da bai leƙa ciki ba.

To mutumin da ya ɗaga shi yana tafiyar hawainiya, ƙarya ya yi? Bai ce wa kowa komai ba, motarsa ce, kuɗinsa ne. Da na matsa masa, cewa ya yi, "Injiniya, kai da ka sa zanna bukar da turare ka fito, wa ka yaudara?"

Na daɗe ina juya amsar nan. Hula ba ta da'awar komai. Haka fiffiken roba da samari ke mannawa a bayan Corolla, kowa ya san ado ne. Na abokina ya bambanta, domin an gina shi ne ya faɗi gaskiya a wani lokaci, ya yi shiru a wani. Ya fi kama da haƙorin Makka. Da, in mace ta yi murmushi ka hango shi, ka san ta sauke farali. Da waɗanda ba su taka Jidda ba suka fara sawa, ba kansu suka cuta ba. Hajiyar gaske suka cuta, wadda yanzu sai an yi tantamar nata.

Ni ma na taɓa yin irin wannan, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. A wani wurin da na yi aiki, akwai allon da ke nuna kore in an adana kwafin bayanan ranar, ja in ba a adana ba. Jan yana tashina da dare, sau da yawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wata rana na gaji, na gyara layi ɗaya a manhajar, ya koma kore ko da yaushe, da niyyar zan duba asalin matsalar gobe. Goben ba ta zo ba sai ranar da muka nemi kwafin muka tarar babu. A jami'a an koya mana abin da Claude Shannon ya nuna a 1948, cewa saƙon da ba ya iya zama wani abu dabam ba ya ɗauke da labari. Na ci jarrabawar, amma sai ranar nan na gane, ina tsaye gaban shugabana gumi na bin bayana.

Sai dai akwai hujjar da ta fi ta hula ƙarfi, kuma daga bakanikensa na ji ta. Ƙaramin injin da ke ɗaga fiffiken ba ya shiri da ƙurar hunturu, kayansa kuma ba a samunsu nan kusa. In zai maƙale, gara ya maƙale a sama da ya ƙi tashi lokacin da rai ke buƙatarsa. Wannan gaskiya ne, kuma wanda ya bar shi a sama don haka ban ga laifinsa ba. Aiki ɗaya, niyya biyu, ba mai iya rabewa daga waje. Amma na ga fuskar abokina a Bunguɗu ranar wani ɗaurin aure, yara na bin motar suna ihun "mai fiffike". Ba ƙura yake tunani ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Iyakar gudun ƙaramar mota a babban titi a ƙasar nan kilomita 100 ce. Ke nan duk sanda fiffiken ya tashi da kansa, motar ta kai ƙarar mai ita. Wanda ya bar shi a sama kullum ya toshe bakin shaidar: a cikin gari yana nuna gudun da bai yi ba, a kan hanya yana ɓoye wanda ya yi.

Kwanakin baya muka taso daga Tsafe rana na shirin faɗuwa. Duk wanda ya san hanyar nan a shekarun nan ya san ba a son magariba ta riske ka a kanta. Ya taka mota, muka wuce dutsen Kwatarkwashi ba mai magana, allura ta haura 130. Ba burga a ciki, tsoro ne tsantsa, kuma a wannan ɗan lokacin fiffiken yana aikinsa. Da muka rage gudu gab da shingen jami'an tsaro, na ji ɗan ƙara a baya. Kwamfutar ta karɓe ikonta, ta sauke shi. Jami'in ya sunkuyo ya nemi takardu. Abokina ya ce to, amma sai da ya danna maɓallin tukuna.