Iri Ba Na Tuwo Ba Ne

Idan kaka ta yi a ƙasar Kazaure, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, manomin kirki ba ya zuba amfaninsa duka cikin rumbu bai ɗaya. Ya kan zauna ya bi zangarniya ɗaya ɗaya, ya ware waɗanda suka fi cika da ƙwari, ya ɗaure su dabam, ya rataye inda ɓera da gara ba za su kai gare su ba. Wannan shi ne iri. Kome tsananin bazara, ko da rumbu ya yi ƙasa, ba ya yarda a sauko da shi a kai turmi, don ya san wanda ya ci irinsa ya ƙoshi dare ɗaya, amma ya sayar da shekara guda.

A wannan lokaci na kaka ne kuma, da gonaki suka zama fili, yaran Achilafiya da na ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura su kan fito da la'asar, su kafa duwatsu bibbiyu, su raba kansu, su yi ta buga tamaula ba takalmi har a kira sallar magariba. Ko wanensu yana da buri guda, watau wata rana ya sa koriyar rigar Nijeriya. Ƙasa kuwa tana da mutanen da ta ɗora wa aikin zaɓen irin waɗannan yara, su horar da su, su kai su gasar tsara. To, mene ne ya wajaba a kan mai wannan aiki? Ya ciwo kofin bana ta ko wace hanya, ko kuwa ya tanadi mazajen da za su tsaya wa ƙasa nan da shekara goma?

Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, watau FIFA, ta fara gasar yara a shekarar 1985 a ƙasar Sin. A lokacin ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, sai daga 1991 aka mai da ita ta 'yan ƙasa da 17. Nijeriya ce ta ɗauki kofin farko, ta ci Jamus ta Yamma biyu da nema. Ta sake ɗauka a Jafan a 1993, da Koriya ta Kudu a 2007, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, inda Manu Garba ya horar da yaran, Musa Muhammed mutumin Kano ya zama kyaftin, sa'an nan da ƙasar Cile a 2015. Sau biyar ke nan. Barazil, wadda duniya ta sallama wa a wannan wasa, sai a 2019 ta ɗauki na huɗu. Wannan abin alfahari ne, kuma daga cikin yaran nan an sami manyan mazaje. Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro na 1993 suna cikin waɗanda suka ciwo lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1996, Victor Osimhen kuwa, wanda ya ci ƙwallo goma a 2015, ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2023.

Amma fa akwai abin da ke sa mai hankali ya yi shiru. Babbar ƙungiyar Nijeriya ta kai zagayen ƙasashe goma sha shida a gasar duniya ta manya a 1994 da 1998 da 2014, ba ta kuwa taɓa wuce nan ba. Gonar da ta fi ta kowa kyau a lokacin tsiro, me ya hana ta fi ta kowa cika rumbu? Dalilai suna da yawa, akwai na kuɗi, akwai na rashin tsari. Amma akwai guda wanda ba ya ɓoyuwa, shi ne rage shekaru. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasar tsara, ta kuma karɓe mata damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991, sabo da ranakun haihuwar 'yan wasa uku da aka kai Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka rubuta musu a gasar baya. A 2009, da aka yi gasar yara a Nijeriya, har aka buga waɗansu wasanni a filin Sani Abacha na Kano, FIFA ta shigo da gwajin ƙashi, aka sallami goma sha biyar daga sansanin Nijeriya tun ba a fara ba. A 2016 kuma ashirin da shida suka faɗi gwajin ana dab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fitar da masu riƙe da kofin duniya a Yamai.

Ga yadda gwajin ya ke. A wuyan hannun yaro akwai wani wuri a ƙarshen ƙashi da ya ke guringuntsi, ta nan ƙashin ke ƙara tsawo. Idan girma ya kammala sai wurin ya haɗe ya zama ƙashi sosai. Likitoci su kan ɗauki hoton wurin da na'urar da su ke kira MRI, in suka ga ya haɗe gaba ɗaya sai su ce galibi mai shi ya wuce shekara 17. Watau dai an kai matsayin da aka daina tambayar bakin mutum da takardarsa, aka koma tambayar ƙashinsa. Wannan kaɗai ya isa abin kunya, domin ba a zuwa ga shaidar ƙashi sai bayan shaidar harshe ta mutu.

Wa aka cuta in aka sa ɗan shekara ashirin da biyu cikin yara? A ƙaddara wani yaro ɗan shekara goma sha biyar daga Achilafiya, mai basira, wanda ubansa ya sayar da akuya ya ba shi kuɗin mota zuwa Kano wurin gwaji. Ya shiga fili ya tarar da waɗanda suka girme shi da shekara shida ko bakwai, ƙirjinsu ya buɗe, ƙashinsu ya yi ƙwari. Ko wace karo a ka da shi, ko wane tsere a bar shi baya. Mai zaɓe ya dube shi ya ce ba shi da ƙarfi. Ya koma gida yana tsammanin bai iya ba, alhali kuwa ba a gwada shi da sa'ansa ba ne. Wannan shi ne na farkon waɗanda aka zalunta, kuma zaluncin ya yi muni don ba shi da inda zai kai ƙara, bai ma san an cuce shi ba. Na biyu ita ce ƙasa, wadda ta kashe dukiyarta tana renon wanda ya riga ya gama girma, ta zauna tana jiran ya ƙaru, shi kuwa ya fara gangarowa. Na uku shi ne mai ƙaryar kansa, wanda zai yi sauran kwanansa yana tsaron ranar haihuwar da ba tasa ba, yana gudun abokan da suka yi makarantar allo tare. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Hausawa ba baƙin wannan hukunci ba ne. A fagen kokawa da dambe yara su kan fara, sa'an nan samari, sa'an nan manya, kowa da sa'ansa. Ƙato ya ka da yaro ba a yi masa guɗa, makaɗi ba ya sa shi a kirari, sai dai a yi masa dariya. Kaye ba ya zama abin yabo sai in wanda aka kayar yana iya kayarwa. Ashe kofin da aka ciwo da manya cikin yara daidai ya ke da wannan kaye.

Duk da haka masu yin abin suna da hujjoji, kuma bai kamata a wuce su ba a saurara ba. Ta farko ita ce talauci. Su kan ce ga saurayi mai basira wanda ba a gano shi da wuri ba, don ba makarantar ƙwallo a garinsu, gidansu kuwa shi a ke kallo. In an rage masa shekara huɗu ya sami shiga, gida guda ya tsira daga yunwa, ina laifi? Tausayin gaskiya ne, amma an biya shi da haƙƙin wani. Gurbin da aka ba shi ba daga sama ya faɗo ba, na wani yaro ne wanda shi ma gidansu ba su ƙoshi ba. Kyauta da kayan wani ba alheri ba ce. Maganin wanda aka gano a makare shi ne a buɗe masa ƙofar manya. Ahmed Musa bai buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ba, ƙwallo 18 da ya ci wa Kano Pillars a kakar 2009 zuwa 2010 su suka fito da shi, ya kuwa ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Aisilan biyu a ta 2018.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa. Ka tambayi tsohuwa shekarun jikanta, sai ta ce an haife shi shekarar da aka yi ambaliya, ko damina biyu bayan rasuwar mai gari. Wanda bai san shekarunsa ba bai yi ƙarya ba, kuma gwajin ƙashin kansa ba ma'asumi ba ne, don wani yaron ya kan yi saurin girma ya faɗi gwaji alhali shekarunsa daidai ne. Wannan gaskiya ne, kuma ya wajaba a bambanta rashin sani da ha'inci. Amma wanda ya gama sakandare shekara biyar da suka wuce, dillali ya kai shi kotu ya yi rantsuwa cewa shekararsa goma sha shida, ba ya cikin masu rashin sani. Hujja ta uku kuwa, cewa waɗansu ƙasashe ma suna yi, ba ta bukatar doguwar amsa. Maƙwabci ya ci irinsa ba ya sa naka ya tsira in ka ci.

Ko an kawar da ƙaryar shekaru, sauran aiki ga mai zaɓe. Cikin yara 'yan shekara ɗaya wani ya riga wani girma, har masu bincike a Turai sun lura cewa waɗanda aka haifa a farkon shekara sun fi yawa cikin ƙungiyoyin tsara, don 'yan watannin nan sun ba su fifikon jiki. Mai son kofin bana zai ɗauki ƙato. Mai hangen nesa zai duba wanda ke ɗaga kai ya ga fili kafin ƙwallo ta iso shi, da wanda ke karɓar gyara, da wanda ba ya karaya in an ci su. Lionel Messi yana ɗan shekara 13, ƙanƙane, har ana yi masa allurar girma, lokacin da Barcelona ta ɗauke shi a shekarar 2000. Da da ma'aunin ƙirji aka auna shi, da an mai da shi gida. Haka kuma mai zaɓen da ya zauna a Abuja ko Legas yana jiran wanda aka kawo masa da wasiƙar wani babba, bai zaɓi yaran Nijeriya ba, ya zaɓi yaran da ke da hanya ne. Amana ta ce ya taka har Dutse da Kazaure da Gumel, ya zauna a gefen filin makaranta ya gani da idonsa.

Bayan zaɓe sai reno, nan kuwa a ke gane mai gaskiya. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma ba a tanƙwara shi da gaggawa sai ya karye. Suwizalan ce ta ci Nijeriya ɗaya da nema a wasan ƙarshe na 2009 a Abuja. Bayan shekara biyar, uku daga cikin yaran nan nata, Granit Xhaka da Ricardo Rodriguez da Haris Seferovic, suna buga mata gasar duniya ta manya. Ga ma'aunin da ya kamata a auna mai horar da yara da shi: ba kofi nawa ya kawo ba, mutum nawa ya miƙa wa gaba. Muddin hukuma tana korar koci don ya faɗi wasa da yara na gaskiya, tana kuma yi wa wanda ya ci da ƙarti kyauta, to, ita ce ta koya masa ha'inci. Har wa yau, cikin yara ɗari da aka tara a sansani, kaɗan ne ƙwallo za ta ciyar. Wanda ya cire yaro daga aji don tamaula, ya sake shi bayan shekara biyu da gwiwa a karye, ba karatu ba sana'a, ya ci amanar iyayensa ko da bai rage masa kwana ɗaya ba.

Gyaran kuwa ba sai an jira Abuja ba, farkonsa yana zauren gida. Ranar suna, da liman ya raɗa wa jariri suna aka raba goro, ba abin da zai hana uba ya sa a rubuta ranar, ya kai wa ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa su ba shi takarda. Malamin firamare ya tsare rajistarsa kada ya yarda a kankare, mai unguwa kuma ya ƙi sa hannu a kan abin da ya san ba haka ya ke ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma su ne igiyar da a ke rataye iri da ita. Yaron da ke gudu ba takalmi a fegin Achilafiya bai roƙi a ba shi riga kyauta ba. Abin da ya ke bin manya bashi shi ne a tsai da shi gaban sa'ansa, a dube shi da idon gaskiya, sa'an nan a yi haƙuri da shi har damina ta zo.