Laifin Mai Kallo Ne Ko Na Mai Shiri?

'Yan'uwa marubuta, akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Idan aka nuna wa jama'a fim mai nauyi, suka watse tun ba a kai rabi ba, wane ne ya gaza?

Mu ɗauki fim ɗin Yeelen na Souleymane Cissé, mutumin Mali, wanda ya samu lambar yabon alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 1987. Labarin wani saurayi ne da ke gudun mahaifinsa matsafi, an yi shi da harshen Bambara, ga dogon shiru, ga ƙarancin magana. Masana suka yaba masa ƙwarai. Amma mai kallon da ya tashi da Mother India na 1957 da waƙoƙin finafinan Indiya, sai ka ji ya ce abin ba ya tafiya.

Wasu 'yan boko sukan ce jama'a ne ba su waye ba. Ni kam ina ganin wannan girman kai ne. Wanda ya wuni yana fama, ya cire kuɗin kallo daga guminsa, yana da haƙƙin a yi masa magana yadda zai gane. Sai dai shi ma ana bin sa bashin haƙuri, domin cikin shirun nan Cissé ya ajiye tsoron ɗa ga ubansa, kuma mai gaggawa ba zai ji shi ba.

Saboda haka kafin mu zargi mai karatu da rashin zurfi, mu fara tambayar kanmu: da shi muke magana, ko da alƙalan ƙetare?