Shin Zalunci Ne Mai Gaskiya Ya Faɗi A Shari'a Don Rashin Shaidu?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Sau da yawa mutum yakan ranta wa maƙwabcinsa kuɗi a zaure, daga shi sai shi, babu rubutu, babu wanda ya gani. Sa'ad da lokacin biya ya yi, sai maƙwabcin ya musa. In suka je gaban alƙali aka nemi shaidu aka rasa, sai a bai wa wanda ake ƙara rantsuwa, ya rantse, ya tafi abinsa. Daga nan sai jama'a su shiga gunaguni, suna cewa an danne mai gaskiya. To, shin wannan hukunci zalunci ne?

Asalin ƙa'idar yana cikin hadisin Ibnu Abbas, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa da za a riƙa bai wa mutane abu don sun yi da'awarsa kurum, da wasu sun yi da'awar dukiyoyi da jinin 'yan uwansu. Saboda haka aka ɗora wa mai ƙara kawo hujja, aka ɗora rantsuwa a kan wanda ya musa. Ƙofar da za a buɗe wa mai gaskiya marar hujja, ita ce dai maƙaryaci zai shiga ta cikinta, domin alƙali ba ya ganin zukata.

Don haka Shari'a ta ƙayyade shaidu gwargwadon girman al'amari. A kan bashi, aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta nemi maza 2, ko namiji 1 da mata 2. A kan tuhumar zina, aya ta 4 ta Suratun Nur ta nemi shaidu 4, wanda kuwa ya yi ƙazafi ya kasa kawo su, bulala 80 ce sakamakonsa. A mazhabar Imamu Malik ana yin hukunci da shaida 1 tare da rantsuwar mai ƙara, amma a sha'anin dukiya. Yawan shaidu kuma bai isa ba, sai sun zama adilai. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki da su, watau Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkam, sun bayyana cewa ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ko ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani. Kafin a yanke hukunci kuma akan yi izari, watau a tambayi wanda hukuncin zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko suka ga shaidun.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, yana kan halifanci, ya ga sulkensa da ya ɓata a hannun wani Bayahude, suka tafi gaban Shuraihu alƙalin Kufa. Aliyu ya kawo baransa Ƙambar da ɗansa Hasan, sai Shuraihu ya ƙi karɓar shaidar ɗa ga uba, ya bar wa Bayahuden sulken. Shuraihu bai ƙaryata Aliyu ba, bai kuwa tuhumci Hasan ba. Abin da ya tsare shi ne ƙa'idar, domin in aka sassauta ta yau saboda darajar Halifa, gobe kowane mai mulki zai zo da 'ya'yansa su ƙwace masa gonar talaka. Wannan dalili ne kuma ya sa malaman Malikiyya suka hana alƙali yin hukunci da abin da shi kansa ya sani game da rigimar. Da an yarje masa, da azzalumin alƙali ya sami mafaka, ya hukunta wanda ya ga dama, ya ce ai shi ya gani.

Sai dai fa hukuncin alƙali ba ya halatta haram. A hadisin Ummu Salama, Annabi ya gargaɗi masu husuma cewa shi mutum ne, wani yakan fi wani iya baki, kuma duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan uwansa, yanki ne na wuta aka yankar masa. Ashe ke nan maƙwabcin nan da ya rantse a kan ƙarya bai kuɓuta ba, ɗage masa shari'ar aka yi zuwa ranar da gaɓoɓinsa za su ba da shaida a kansa. Zalunci kam an yi shi, amma wanda ya yi rantsuwar ne ya yi shi, alƙali kuwa ya sauke nauyinsa.

Daga nan za a gane cewa rabin adalcin kotu yana hannun jama'a. Aya ta 283 ta Baƙara ta sanya zunubi a zuciyar mai ɓoye shaida, aya ta 135 ta Suratun Nisa'i kuma ta umurci muminai su faɗi gaskiya ko da a kan kansu ne ko iyayensu. A hadisin Abu Bakrata, Annabi yana kishingiɗe yana lissafa manyan kaba'irai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa. Wanda ya ga an ture iyakar gonar maraya ya yi shiru don tsoron ɓata zumunci, da wanda ya karɓi 'yan kuɗi ya shaidi abin da bai gani ba, dukansu sun taimaki azzalumi.

Mai ba da rance kuma yana da nasa rabon laifin. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani ita ce ta rubuta bashi da kafa shaidu, amma kunya takan hana mutane aiki da ita, alhali kuwa Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wanda ya rubuta ya tsare dukiyarsa, ya kuma tsare ɗan uwansa daga rantsuwar ƙarya.

Allah Ya ba alƙalai ikon yin adalci, Ya ba shaidu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya, amin.