Cika Sharaɗi da Isa Riƙon Amana a Ƙungiyoyin Kadet

Ƙungiyoyin kadet, masu koya wa matasa tarbiyya irin ta soja ba tare da sun zama sojoji ba, sun ginu ne a kan al'ada guda: yaro ke jagorantar yara. Ƙungiyar kadet ta sojojin ƙasa a Birtaniya tana karɓar 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma yaro yana hawa matakan horo da ake kira taurari kafin a tura shi kwas ɗin koyar da na bayansa. Haka Baden-Powell, wanda ya kafa ƙungiyar Sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea a 1907, inda ya kasa yaransa gida huɗu, ya ɗora yaro a kan kowane rukuni.

Daga nan tambayar ta taso: wa ya kamata a horar don ya shugabanci tsaransa? Dokokin ƙungiya suna amsawa da abin da ake iya ƙirgawa, wato shekaru, daɗewa a ƙungiya, da jarrabawar da aka ci. Wannan shi ne cika sharaɗi. Amma isa wani abu ne dabam. Yaro na iya haddace fareti da karatun taswira, ranar da aka ɗaura masa igiya ɗaya kuma ya zama abin tsoro ga ƙannensa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da raba waɗannan biyun. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ba ta sa balaga kaɗai ta zama dalilin miƙa wa maraya dukiyarsa ba. Ta haɗa da rushdi, wato hankalin sarrafa abin da aka damƙa masa, ta kuma yi umarni a riƙa jarraba shi tun kafin lokacin. Shekaru suna zuwa da kansu, rushdi kuwa sai an gwada ake ganinsa.

Tarihin Musulunci ya nuna ɓangarorin biyu. An mayar da Abdullahi ɗan Umar gida ranar yaƙin Uhudu yana ɗan shekara 14, aka karɓe shi ranar Handaƙ yana da 15, kuma halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ɗauki wannan a matsayin iyaka tsakanin yaro da babba. A gefe guda, Manzon Allah (SAW) ya naɗa Usama ɗan Zaidu, saurayi, a kan rundunar da ke da manyan sahabbai, duk da ƙorafin wasu. Abu Zarri kuma, da dukan tsoron Allahnsa, ya nemi muƙami aka hana shi, aka gaya masa yana da rauni kuma abin amana ne. Wannan na ƙarshe ya fi ɗaure kai, domin ya nuna nagarta ma ba ita ce isa ba.

Duk da haka, kuskure ne a raina sharaɗi. In aka bar zaɓe ga idon jami'i kaɗai, son kai zai shigo, kuma mai kaifin baki zai sha gaban mai kunya wanda ya fi shi haƙuri. Doka tana kare yaron da ba shi da kowa. Tana kuma kare ƙarami daga kayan da ya fi ƙarfinsa, domin yaron da aka ɗora da wuri ya kasa a gaban abokansa yakan daɗe bai sake yarda da kansa ba.

Hanyar da ta fi adalci ita ce sharaɗi ya buɗe ƙofa, gwaji ya yanke hukunci. A ba yaro ƙaramin aiki: duba kakin yara biyar, rabon abinci a sansani, koyar da darasi na minti goma. A lura ko yana ci kafin mutanensa su ci, ko yana amsa laifinsa, da yadda yake yi da wanda ya fi kowa rauni. Wanda aka ga bai isa ba a faɗa masa dalili a keɓe, a nuna masa abin da zai gyara, a sa masa lokacin da za a sake duba shi.